Ba a zama ɗaya ake ɗaukar kundin waƙoƙin metal ba

Har yanzu ana yawan cewa mawaƙan metal, wani nau'in kiɗan rock mai ƙarfin sauti, suna shiga situdiyo ne su kaɗa komai lokaci guda, kundi ya fito. Ƙarfin sautin ne ke sa a zaci haka, amma yawanci daki-daki ake yi. Ganguna ake fara ɗauka, domin in bugunsu ya kauce, duk abin da aka ɗora a kai ya lalace. Sai bas (jita mai zurfin sauti), sai ainihin jita, wadda ake kaɗawa sau biyu, ɗaya a lasifikar hagu ɗaya a ta dama, don sauti ya yi kauri. Murya takan zo ƙarshe.

Misali, ƙungiyar mawaƙan metal ta System of a Down ta Amurka ta ɗauki waƙoƙi sama da 30 tare da furodusa Rick Rubin, 14 aka zaɓa wa kundin Toxicity na 2001, sannan injiniyan sauti Andy Wallace ya daidaita sautin.