Littattafan tafiya cikin zamani: ba na'urar ce ke riƙe mai karatu ba

Akwai masu ganin labarin mutumin da ya koma zamanin da ya shuɗe, ko ya tsallaka zuwa wanda bai zo ba, tatsuniyar yara ce da aka yi wa kwalliyar kimiyya. Ban yarda da su ba, amma na san inda suka samo zancen. Da yawa cikin irin waɗannan littattafai sukan ƙarar da shafuka wajen bayanin na'ura da maɓallanta, da tsohuwar tambayar nan: me zai faru idan mutum ya koma baya ya kashe kakansa tun ba a haifi mahaifinsa ba? Wasa ƙwaƙwalwa ne mai daɗi, sai dai da zarar ka rufe littafin ya bi iska.

Kimiyyar ma ba ta bai wa marubuci fili sosai ba. Tun 1905 masanin kimiyya Albert Einstein ya nuna cewa agogon mai tsananin gudu yana jinkiri idan aka gwada shi da na wanda ke tsaye, kuma agogunan taurarin ɗan Adam na GPS, masu nuna wa wayoyinmu hanya, sukan saɓa da na ƙasa da kusan kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa a kowace rana, saboda gudu da kuma ƙarfin jan ƙasa. Wannan jinkirin agogo gaba kawai yake kai mutum; komawa baya kuwa, babu wanda ya nuna hanyarsa.

Shi ya sa gwanayen marubuta ba sa tsayawa a kan na'ura. A 1895 H. G. Wells ya kai matafiyinsa shekara ta 802,701 a The Time Machine, inda ya tarar ɗan Adam ya rabu biyu: Eloi masu hutu a doron ƙasa, da Morlock masu aiki a ƙarƙashinta, kuma na ƙasan suna cin naman na saman. Ingilar zamaninsa yake zanawa, ta masu dukiya da leburorin masana'antu.

Wanda ya fi kama ni shi ne Kindred na Octavia Butler, na 1979, wanda babu na'ura a cikinsa ko kaɗan. Dana, baƙar fata 'yar Amurka da ke zaune a 1976, takan tsinci kanta a gandun bayi na jihar Maryland a farkon ƙarni na 19 duk lokacin da ran wani yaro farar fata, Rufus, ya shiga haɗari. Ɗan mai gandun ne, kuma kakan kakanninta ne. Idan ya mutu da wuri, babu ita. Haka take ta ceton mutumin da take kallo yana girma yana zama azzalumi.

A nan mai karatu yake rasa mafaka. Kowannenmu, idan ya karanta tarihi, yakan ce a ransa da shi ne yana wurin da bai yi shiru ba. Butler ta ɗauki mai ilimin zamani, mai sanin 'yancinta, ta ajiye ta a wurin, sai ga shi ita ma tana koyon sunkuyar da kai don ta kwana da rai. Littafin tarihi yana iya faɗa maka yawan bayin da aka sayar, amma da wuya ya sa ka ji yadda mutum ke sabawa da bauta cikin 'yan watanni. Butler ba ta ma bar Dana ta dawo lafiya ba: tun shafin farko an gaya mana ta rasa hannu a tafiyarta ta ƙarshe.