Wanda ya buga wa tiya gindi

To, na ga an goge hoton, amma an makara, mun riga mun gani. Wani yaro ne ya ɗora a intanet hoton fuskar manhajar bashi da ya tsara yana tinƙaho: maɓallin "Na yarda a ɗauki lambobin wayata" kore shar, faɗinsa kamar ƙofar gari, shi kuwa "Ban yarda ba" toka-toka can a ƙasa, sai ka sa tabarau kafin ka hango shi. Har da cewa dabarar ta ƙara musu masu rajista. Masha Allah. Sannu da ƙoƙari, injiniya, Allah ya ƙara basira.

Masu kare shi a ƙasan rubutun ne suka hana ni barci. Wai aiki aka ba shi, shi zane kawai ya yi. Zane kawai? A kasuwar hatsi idan aka kama tiyar da aka bubbuge wa gindi don ta tauye awo, mai awo ne kaɗai ke da laifi? Wanda ya riƙe guduma fa? Ya san abin da yake yi tun bugun farko. Mu masu tsara manhaja mu ne masu guduma. Mu muke zaɓar launi, mu muke zaɓar girman rubutu, mu muke yanke inda babban yatsa zai faɗa idan mutum yana cikin gaggawa, ɗansa na kwance a asibiti, yana neman dubu goma kafin gari ya waye.

Kuma duk mun san ƙarshen lambobin nan. Kwana biyu da wucewar wa'adi, sai saƙo ya isa ga surukinka da limaminku cewa kai ɓarawo ne. Abin ya kai hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu sayayya a Najeriya ta kai samame ofisoshin irin waɗannan kamfanoni a Legas a Maris 2022, Google ma daga ƙarshen Mayu 2023 ya hana manhajojin bashi da ke Play Store taɓa lambobi da hotunan mutane. Shi ya sa wasunsu suka koma ɓarauniyar hanya, a turo maka manhajar kai tsaye ka sauke. Wani ne ya zana musu wannan allon. Wani mai guduma.

Wai ai an rubuta komai a sharuɗɗa, idan ɓera na da sata daddawa ma na da wari. Kai, ku bar ni. Kai da kake wannan magana, yaushe rabonka da karanta sharuɗɗa? Wai kuma neman abinci ne. Kowa abinci yake nema, har mai bubbuge tiyar.

A can inda muka kwaikwayo sana'ar ma an daɗe da sanin wannan. Tun 2010 wani Bature ɗan Ingila, Harry Brignull, ya raɗa wa irin wannan zanen yaudara suna, ya buɗe shafi yana tona asirin masu yi. A ƙarshen 2022 hukumar kasuwanci ta Amurka ta sa Epic Games, masu wasan Fortnite, su amince da mayar wa mutane dala miliyan 245 saboda maɓallan da ke sa a sayi abu ba da niyya ba. Aza Raskin, wanda ya ƙirƙiro jan allon nan marar ƙarshe (kana ja, sabbin abubuwa na ta fitowa) a 2006, daga baya ya fito ya nuna nadamarsa, shi da Tristan Harris suka kafa cibiya guda a 2018 kan wannan matsala. Shi bai ma yi da nufin cuta ba, amma bai ce zane kawai na yi ba.

Maganar gaskiya, ni ma an taɓa kawo min irinsa. Wani kamfani ya ce in binne wurin soke rajista ƙarƙashin shafi biyar. Na kwana ina juyi, don kuɗin haya na wuyana a lokacin, wallahi saura ƙiris in karɓa. Abin da ya tsayar da ni, tunanin Hajiyarmu na yi riƙe da wayar, tana lalube, tana jin kunyar ta sake kirana in nuna mata. Tun daga ranar duk allon da na zana ita nake ɗora wa a raina: ta ga kuɗin ruwa da manyan lambobi kafin ta danna, kuma ƙofar fita ta zama daidai da ƙofar shiga. Ba na cewa ni waliyyi ne. Gudumar ce a hannuna, shi ke nan.