Ba sauyin yanayi kaɗai ya gama da giwa mai gashi ba

Duk lokacin da aka tayar da maganar ɓacewar manyan dabbobin zamanin ƙanƙara, sai a ɗora wa sauyin yanayi laifi, a wanke hannun ɗan Adam. Ni dai ban gamsu ba. Ƙanƙara ta mamaye arewacin duniya ta janye sau da dama cikin shekaru miliyan 2 da suka wuce, giwa mai gashi da ire-irenta kuwa suna tsallakewa. Me ya sa sai a karon ƙarshe suka kasa?

A duba lokutan. A Ostireliya, Diprotodon, dabba mai girman karkanda, ta ɓace sama da shekaru 40,000 da suka shuɗe, bayan isowar mutane. A Arewacin Amurka, doki da raƙumi, waɗanda can ne ma asalin kakanninsu, sun ƙare kimanin shekaru 12,000 da suka wuce, a zamanin mafarauta masu māshin dutse. Doki bai sake taka nahiyar ba sai da Sifaniyawa suka kawo shi bayan 1492.

New Zealand ce ta fi fayyace lamarin. Maori, mutanen farko da suka zauna a ƙasar, sun sauka can wajajen shekarar 1300, babu wani zamanin ƙanƙara a lokacin, amma cikin shekaru 200 tsuntsun moa, wanda ya fi jimina tsawo, ya ƙare ƙurmus. A tsibirin Wrangel na Rasha kuwa, inda mutane ba su isa da wuri ba, giwa mai gashi ta rayu har zuwa shekaru 4,000 da suka wuce, bayan an gina dalar Giza ta Masar.

Masu ja suna cewa wuraren da aka tono ƙasusuwan dabbobin tare da makaman farauta ba su da yawa. Gaskiya ne, kuma ɗumamar yanayi ta rage musu makiyaya. Sai dai ba a buƙatar kisan kiyashi. Giwa tana ɗaukar ciki wata 22, ta haifi ɗa guda. Duk makiyayi ya san idan yanka ya ɗara haihuwa ko da kaɗan ne, wata rana garke zai ƙare.

Afirka ta riƙe giwayenta da dorina da raƙumin dawa, mai yiwuwa domin sun tashi tare da mutum tun farko, sun koyi tsoronsa. Na Amurka da Ostireliya sun haɗu da shi ne bayan ya gama ƙwarewa a farauta.