Wa ke dafa ruwan Wikki?

Da hunturun bara na kai yarana Yankari. Da sassafe sanyi na yanka kunne, amma muna tsoma ƙafa a maɓuɓɓugar ruwa ta Wikki sai ɗumi. 'Yar autata ta ɗago kai ta ce, "Baba, wa ke dafa shi?" Wallahi tambayar nan ta fi mini duk hotunan da muka ɗauka.

Ruwan digiri 31 yake, rani da damina, dare da rana. Ruwan sama ne da ya nutsa can ƙasa, duwatsu suka ɗumama shi ya ɓullo, domin duk kilomita ɗaya da aka gangara zafi na ƙaruwa da kamar digiri 25.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda aka koya mana. A zana duniya a allo kamar dafaffen ƙwai, mu haddace, a wuce. Alhali tukunya ce a kan murhu. Dubi kunu in ya fara tafasa: mai zafi ya taso, wanda ya huce ya koma gindi. Haka dutsen da ke ƙarƙashinmu yake yi har zurfin kilomita 2,900. Dutse ne fa, ba ruwan wuta ba, sai dai zafi ya sa yana malala kamar kwalta a bazara, 'yan santimita a shekara. Wannan tafiyar hawainiya ce ta raba Afirka da Kudancin Amurka, ta bar tsagar da ta zama kwarin Binuwai, inda aka ƙaddamar da haƙar man Kolmani a 2022.

Ƙasa da nan narkakken ƙarfe ne ke juyawa, shi ke haifar da maganaɗisun da kamfas ke bi ya nuna mana alƙibla. Can tsakiya zafi ya kai digiri 5,000, amma matsi ya hana ƙarfen narkewa. Inge Lehmann, 'yar Denmark, ta gano wannan tsakiyar a 1936 daga bayanan girgizar ƙasa. Allahu Akbar!

Malamanmu na Bauchi, don Allah in za ku kai ɗalibai Yankari ku riƙe ma'aunin zafi. Yara su auna Wikki da safe, su sake aunawa da la'asar, sannan ku tambaye su abin da ya sa bai canza ba.