Kuɗin kare giwa ba ciyawa ake saye da su ba

Nan Sakkwato duk sadda anka ce an ba da tallafin kare giwaye sai ka ji mutane a majalisa suna cewa wai ana ciyar da dabba talaka na kwana da yunwa. To jama'a ba haka abin yake ba, giwa daji take kiwonta, ba mai sai mata dusa.

Kuɗin ga mutane suke tafiya. A Yankari ta Bauchi, inda ƙungiyar kare namun daji ta WCS ke aiki da gwamnatin jiha tun 2014, ana kashe su wajen alawus na masu gadin daji da kayan sintiri, da kwalar da ake sa wa giwa a wuya mai nuna inda garke ya dosa, don a gargaɗi manoma kahin ya afka gona, kuma wanda ya taɓa ganin dawar da giwa ta kwana ciki ya san ba wasa ba ne, noman shekara ke tafiya dare guda. A Kenya har amya manoma ke jerawa bakin gona, giwa na tsoron ƙudan zuma.

Maharba kuwa haure suke bi, ko da yake an hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1989.