Sinadari mai fitar da tururin nukiliya ba ya ƙarewa a wa'adi biyu

Ɗalibai da yawa suna zaton cewa idan rabin sinadari mai fitar da tururin nukiliya ya ruɓe a cikin wani wa'adi, to ragowar ma za ta ƙare da zarar wa'adin ya sake zagayowa. Wannan kuskure ne, domin a kowane zagaye rabin abin da ya saura ne kawai yake rikiɗewa zuwa wani sinadari. Kabon-14, alal misali, yana ɗaukar kimanin shekara 5,730 kafin rabinsa ya koma naitirojin, amma bayan shekara 11,460 kashi ɗaya cikin huɗu yana nan daram, bayan shekara 17,190 kuma kashi ɗaya cikin takwas. Dalili kuwa shi ne ƙwayar zarra ba ta tsufa. Damar da take da ita ta rikiɗewa a yau ita ce dai damar da take da ita bayan shekara dubu.

Da wannan lissafi aka gano cewa kwalekwalen Dufuna, wanda aka ci karo da shi a 1987 kusa da ƙauyen Dufuna da ke jihar Yobe ta yanzu, ya kai kusan shekara 8,000, domin har yanzu katakonsa yana riƙe da fiye da sulusin kabon-14 ɗinsa na asali.