Yarinyar da na gani a Kwangila

Jiya wajen ƙarfe 10 na dare ina dawowa daga Samaru na tsaya Kwangila a Zariya sayen burodi, sai ga wata yarinya da ba ta wuce shekara 8 ba a tsugune da tiren gyaɗa tana kuka a hankali. Nace ke lafiya? Tace Kawu ɗari biyar ce ta faɗi cikin kuɗin tallan, in na koma Umma kashe ni za ta yi. Da ta miƙo hannu karɓar kuɗin na ga shatin wayar caja a damtsenta, wani ya warke wani ɗanye.

Wallahi har na buɗe baki zan zagi uwar sai na tuna abin da ni ma na yi da safe. Ɗana ya zubar da shayi a yunifom ɗinshi, nace shege mara amfani na kwaɗa mishi mari na fita, alhali kuɗin haya ne ke cin raina, yaron bai san hawa ba bai san sauka ba.

Jama'a mu ji tsoron Allah, huce haushi muke yi muna kiran shi tarbiyya. Anas ɗan Malik shekara 10 ya yi yana yi wa Annabi (SAW) hidima tun yana yaro, ko tsaki Annabi bai taɓa yi mishi ba. Kuma an hana mu yi wa 'ya'yanmu mugun baki kar mu dace da lokacin amsa addu'a, amma kullum sai Allah ya tsine maka, ba za ka gama lafiya ba, to in bakin ya kama ya faɗa shaye-shaye sai a kwashe shi zuwa gidan mari. Kun manta gidan marin Rigasa ta Kaduna a 2019? Sama da mutum 300 aka fitar daga gida ɗaya, wasu da mari a ƙafa, da yawa iyaye ne suka kai su da hannunsu.

Kai kuma Malam da kake majalisa har sha biyun dare, ka fita ba ka bar na cefane ba, ba ka ma san 'yarka ta shigo ko tana bakin titi ba, wannan shatin da hannunka a ciki.

Da na isa gida na tarar ɗana ya yi barci, kumatun bai gama saɓewa ba. Dan Allah Hajiya ki aje wayar nan. Dan Allah Malam ka tashi ka je ka duba ko duk sun shigo.